BAHAR DA TEKU: GURBIN DA ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA SUKA BARI

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ƙasar Hausa ƙasar tudu ce, ba ta yi iyaka da babban ruwa ta kowace fuska ba. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kimanin mil 700 ce a jirgin ƙasa, daga Kano zuwa Tarabulus kuwa, a zamanin ayari, raƙumi kan share watanni yana tafe kafin a sauke masa kaya. Saboda haka idan aka ce ya kamata marubutan Hausa su ƙagi labarai na tarihi a kan gaɓar teku, ba mamaki wani ya yi dariya ya ce, me ya haɗa kifi da kaska?

To, amma harshen da kansa ya ƙaryata mai wannan dariya. Bahaushe yana da kalmomi biyu na kiran babban ruwa, kowace kuwa ta shigo masa ta ƙofa daban. Akwai “bahar”, wadda ya aro daga Larabci, ita ce ake ji a cikin Bahar Rum da Bahar Maliya. Akwai kuma “teku”, wadda masana harshe suke dangantawa da Yarabanci, kamar yadda suke danganta agogo da ashana da akwati da keke. Ɗaya ta biyo raƙumi daga arewa, ɗaya ta biyo jaki da ɗan dako daga kudu. Ba a aron suna sai an yi hulɗa da mai sunan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wani babban yanki na tarihin Hausawa a bakin ruwa ya auku, cewa masana tarihi sun tono shi amma yawancinsa da harsunan da Bahaushe ba ya karantawa, sa'an nan ƙagaggun labaran Hausa, waɗanda su ne ya kamata su kai shi ga jama'a, sun bar gurbin a buɗe. Alhakin cike wannan gurbi kuwa ya fi rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'i, malamai da ɗalibai baki ɗaya.

Riga ɗaya, gaɓa biyu

Soron Ɗinki tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwar birnin Kano, sunanta ma ya isa shaida a kan sana'ar da aka san wurin da ita. A ɗauki misalin maɗinki guda a wani soro na wannan unguwa, wajen shekarar 1880, ya ɗora riga bisa gwiwa yana zuba mata aska takwas. Mutumin nan mai yiwuwa bai taɓa ganin ruwan da ya fi Jakara ko kogin Challawa ba, amma duk abin da ke kewaye da shi yana da ƙanshin teku.

Saƙin rigar na gida ne, audugar ƙasar Kano ce, masaƙanta suka saƙa, marinanta suka rina. Amma jan alharinin da za a yi mata shafi da shi daga Tarabulus Larabawa suka kawo shi. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafta hajar da ya gani a kasuwa: akoko daga Manchesta, duwatsun wuya daga Benis, takubba daga Solingen, allurai da madubai daga Nuremberg, da takarda mai tambarin wata uku wadda malamai suke rubutu a kanta. Duk waɗannan sai da suka ƙetare Bahar Rum kafin su hau raƙumi. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa tufar Kano tana kai wa Murzuk da Ghat da Tarabulus, ta yamma kuma tana wuce Tambutu har ta dangana da gaɓar Atlantika. Sunayen unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki suna nan suna tuna wa mai tunani da fataken Ghadamis da Tarabulus da suka zauna a birni, tun lokacin da kalmar “Bature” take nufin Balarabe.

Idan maɗinkin nan ya gama aikinsa, da wuri za a biya shi. Wuri kuwa ƙwanson wata halitta ce ta cikin teku. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya jiragen Turawa suka riƙa kwaso shi zuwa tashoshin kudu irin su Wida da Ikko, daga baya fataken Jamus suka cika kasuwa da na Zanzibar har darajarsa ta faɗi. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kalmar “kuɗi” kanta jam'in “wuri” ce. Ke nan duk sa'ad da Bakano ya ce ba shi da kuɗi, abin teku ya ambata bai sani ba.

Sai goron da ke bakin maɗinkin. Wannan daga kurmin Asante ya fito, ta kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka ɗauko shi, tafiyar da kan cinye wa mutum mafi yawan shekara kafin ya sake ganin iyalinsa. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Abdullahi Burja (1438–1452). Bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai cinikin ya karkata zuwa bakin teku, aka shiga ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin fataken da suka ci moriyar wannan hanya ta ruwa kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. A shekarar 1911 abubuwa biyu suka haɗu: Italiya ta auka wa Tarabulus, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano. Ƙofar bahar ta soma rufewa, ta teku ta wangale. Maɗinkin da ya yi tsawon rai ya ga wannan juyi da idonsa, ya ga keken ɗinki da atamfa sun shigo, ya ga an daina karɓar wurin da ya tara. Ina littafin da ya ba da labarinsa?

Bayi da sojoji da malamai

Ba haja kaɗai ta isa bakin ruwa ba, mutane ma sun isa, wasu da ƙafarsu wasu a ɗaure.

Na farko su ne bayi. Yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da na zamanin jihadi sun jefa Hausawa masu yawa a hannun fatake, aka yi ta sayar da su daga hannu zuwa hannu har gaɓa, aka ƙetare da su zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil. A can ba su kwanta ba. Hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, suka kuma tashi a 1814. A babban tawayen Musulmi na watan Azumi, cikin Janairun 1835, Yarabawa ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa a ciki, kuma layu da rubuce-rubucen Larabci da aka ƙwace a lokacin suna nan ajiye a ma'adanar tarihi ta Bahiya. Wani jakadan Faransa mai suna Francis de Castelnau ya zauna da waɗansu bayi Hausawa a birnin, ya tambaye su garuruwansu da hanyoyin da aka biyo da su, ya buga bayanin a 1851. Ta arewa ma haka abin yake, domin A. J. N. Tremearne ya tarar da jama'ar Hausawa a Tunis da Tarabulus suna bori da harshensu, ya rubuta littafi a kansu a 1914.

Na biyu su ne sojoji. A 1863 John Glover ya tara waɗansu Hausawa da suka tsere wa iyayengijinsu a Ikko da kewayenta, ya ba su bindiga. Daga wannan ƙaramar runduna sojan Nijeriya suke ƙirga asalinsu. An kai sojan Hausa yaƙin Asante na 1873–74, Sarkin Beljiyam ya ɗebi waɗansu zuwa Kwango, Jamusawa ma sun yi aiki da su a Togo. A cikin rundunar da ta fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawa 'yan ƙalilan ne, sauran baƙaƙe ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. A yi tunanin yaron da aka kama a wani ƙauye, aka sayar da shi kudu, ya girma a bakin teku, sa'an nan ya komo da kakin Nasara yana harbin ganuwar da aka fitar da shi ta ƙofarta. Shin maci amana ne, ko kuwa wanda aka ci amanarsa? Littafin tarihi zai ba da yawan dakaru da ranar yaƙi. Abin da ke cikin zuciyar wannan soja sai mai ƙaga labari.

Na uku su ne malamai da mazauna zango. Alhaji Umaru Salaga a Kano aka haife shi wajen 1858, ya bi hanyar fatake zuwa Gwanja, ya zama limamin Kete-Karachi, can ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da na zuwan Nasara da na talauci da wadata, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai masu tsawo da ajami a kan tarihi da zaman Hausawa. Malam Nenu, mutumin Katsina, ya sauka a Ankara a ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango. Zuriyar irin waɗannan mutane suna nan a Ankara da Kumasi da Sekondi da Lome da Kwatano da Agege suna magana da Hausa, duk da korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969, wadda ta komo da iyalai masu yawa ƙasar da waɗansu daga cikinsu ba su taɓa gani ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Nazarin Hausa ta hanyar boko a bakin teku aka haife shi. J. F. Schön daga 'yantattun bayi na Saliyo ya soma koyon harshen, ya buga ƙaramin littafinsa na kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876. S. W. Koelle a Firitawun ya sami mutanen Kano da Katsina da suka ba shi kalmomin da ya sa a Polyglotta Africana a 1854. Dorugu, yaron da aka 'yanta daga bauta ya bi Barth, ya kai Tarabulus a 1855, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya zayyana wa Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885, ya kuma ƙare kwanansa a Nasarawa ta Kano a 1912. Tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913 Malam Shaihu ne ya rubuta masa su a ƙasar da ake kira Gana a yau. Watau ɗalibin da ke zaune a aji yana nazarin nahawu yana cin gadon mutanen da bauta da fatauci suka kai gaɓa.

Yadda maƙwabta suka yi

Ta fuskar binciken tarihi an yi aiki mai yawa. Mahdi Adamu ya fitar da The Hausa Factor in West African History a 1978, Paul Lovejoy ya fitar da Caravans of Kola a 1980, dukkansu a maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Philip Shea ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan rinannar tufar Kano. Abner Cohen ya yi nazarin Sabo ta Badun a 1969, Enid Schildkrout ta yi na zangon Kumasi a 1978, João José Reis ya rubuta tarihin tawayen Bahiya a 1986. Douglas Ferguson da Stanisław Piłaszewicz sun yi aiki a kan rubuce-rubucen Alhaji Umaru. Aibin kawai shi ne duk waɗannan da Turanci ko wani harshen Turai suke, jikan madugu da ke saye da sayarwa a Kurmi ba ya sanin an yi su.

Ta fuskar ƙagaggun labarai kuwa, mutanen gaɓa ba su jira kowa ba. Abdulrazak Gurnah, haifaffen Zanzibar wanda ya sami lambar Nobel a 2021, ya rubuta Paradise a 1994, labarin yaron da aka jinginar ga wani attajiri saboda bashin ubansa, ya bi ayari daga gaɓar Afirka ta Gabas zuwa cikin ƙasa a daidai shigowar Jamusawa. Yaa Gyasi a cikin Homegoing (2016) ta bi zuriyar 'yan'uwa mata biyu, ɗaya ta auri Bature a saman ganuwar Kef Kwas, ɗaya tana ɗaure a kurkukun ƙasan wannan ginin. Ayesha Harruna Attah a cikin The Hundred Wells of Salaga (2018) ta haɗa baiwa da 'yar sarauta a Salaga ta zamanin yaƙin basasa. Wannan na ƙarshe ya fi kamata ya hana ɗalibin Hausa barci, domin Salaga kasuwar Hausawa ce, Hausa ce harshen cinikinta. An ba da labarin garin daga ɓangaren mutanen Gwanja da waɗanda aka kamo, kuma marubuciyar ta yi abin da ya wajaba a kanta. Ɓangaren madugu da jagaba da uban dawaki da matan ayari, da alherinsa da sharrinsa, shi ne har yanzu ba a ji da harshen masu shi ba.

Inda ƙagaggun labaran Hausa suka tsaya

Abin takaici shi ne da ƙafar dama aka fara. A cikin littattafai biyar da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, biyu sun jingina da tarihi. Ganɗoki na Bello Kagara ya soma da yaƙin Kwantagora da Turawa, ko da yake daga bisani ya lula ƙasashen aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya tsaya a doron ƙasa daga farko har ƙarshe: an sace yaro, an kawo shi Kano, ya ƙetare hamada da Balarabe, uwarsa ta bi sawunsa ta faɗa bauta a Murzuk, aka wuce da ita Tarabulus, ɗanta bai same ta ba sai tana bakin ajali. Marubucin bai ɓoye cewa Musulmi ne suke kama 'yan'uwansu suna sayarwa ba, bai kuma mai da labarin huɗuba ba. Darajar littafin ta sa Mervyn Hiskett ya fassara shi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Yau sama da shekara 90 ke nan, amma a cikin littattafan da ake karantarwa a sassan Hausa da wuya a nuna wanda ya gaji Shaihu Umar. Gasar kamfanin NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata da Amadi Na Malam Amah a 1980, da ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya da ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da 'yan'uwansu a 1982, duk zamanin da ake ciki suka fuskanta. Adabin kasuwar Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya duƙufa a kan soyayya da zaman aure da kishi. Babu laifi a cikin wannan, hasali ma shi ya koya wa mata da matasa masu ɗimbin yawa karatun Hausa. Amma adabin da ya san yau kaɗai kamar mai ido ɗaya ne. Hanyar arewa ta sami littafi guda mai kyau, hanyar kudu kuwa, ta goro da wuri da jirgin ruwa, tana nan tana jira.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa haɗa tarihi da ƙage gurɓata tarihi ne, mai karatu zai kasa rarrabe gaskiya da ƙanzon kurege. Wannan tsoro yana da tushe, domin an sha ganin fina-finan da suka sa wa sarkin ƙarni na 16 tufar da ba a yi ta ba sai jiya. Amma maganin mugun gini shi ne ginin kirki. Ka'idar sana'ar a fili take: shekaru da wurare da manyan aukuwa ba a taɓa su, marubuci ba ya sa wa mutumin da aka sani a tarihi maganar da za ta sauya matsayinsa, ƙagen yana shiga ne a inda takardu suka yi shiru, watau cikin ɗaki da cikin zuciya. Wanda ya karanta Shaihu Umar bai fito da ƙaryar tarihi ba, sai ma ya fito ya san zafin bauta fiye da yadda jadawalin lissafi zai sanar da shi.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Maganar bauta magana ce mai nauyi a birni irin Kano, inda har gobe akan binciki asali kafin a ba da aure. Dokar Turawa ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, saboda haka abin bai yi nisan da za a ce an manta ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma a nan ne ƙagaggen labari ya fi littafin tarihi amfani, domin yana iya faɗin gaskiyar zamani ba tare da ya kama sunan gidan kowa ba. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a rubuta labarin fatauci a mai da shi kirari zalla. Ayarin da ya kai tufa da kanwa Gwanja yakan kai mutane ma. Bahaushe ya kasance wanda aka sayar, ya kuma kasance mai sayarwa. Littafin da ya faɗi rabi ya ɓoye rabi bai cancanci takardar da aka buga shi a kai ba.

Akwai kuma masu cewa babu kasuwa. Su dubi yadda matasa suke rububin littattafan yaƙi da jarumta, waɗanda ake gina su a kan ƙasashen da babu su da sarakunan da ba a taɓa yi ba. Mai karatun da ya bi jarumi zuwa birnin matsafa ba zai ƙi bin madugu ya ƙetare Kwara da jakai ɗari ba, ga 'yan fashi a gaba, ga masu karɓar fito da kuɗin hanya, ga goro yana neman lalacewa a cikin huhu. Ban da haka, akwai masu jin Hausa a Gana da Togo da Binin da Kamaru da Sudan waɗanda ba su cika ganin kansu a littattafan Kano ba. Labarin zango nasu ne, su ma kasuwa ce.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, fassara. Hukumar Fassara ta Zariya ta mai da Tarihin Kano da waɗansu littattafan Larabci zuwa Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun farkon shekarun 1930, da ma'aikata 'yan kaɗan. Abin kunya ne a ce sassan Hausa na yau, da yawan malamansu da ɗalibansu, sun kasa mai da littafin Mahdi Adamu ko na Lovejoy zuwa harshen mutanen da aka rubuta su a kansu. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru da labarin Dorugu ma ba sa bukatar fassara, juya su kawai za a yi zuwa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a yi musu sharhi, a buga su da araha.

Na biyu, tattara abin da ke bakin dattawa. Waɗanda suka yi tafiyar ayari sun ƙare, amma jikokinsu da suka ji daga bakinsu suna nan, haka waɗanda suka yi fataucin goro a jirgin ƙasa da waɗanda aka koro a 1969. Maimakon kundin kammala digiri na hamsin a kan jigo da salon littafi guda, a tura ɗalibi Soron Ɗinki ya zauna da tsofaffin maɗinka, ya rubuta sunayen ɗinke-ɗinke da zaruruwa da inda ake kai kowace riga. A tura wani Koƙi da Madabo da Ayagi da Tudun Nufawa, wani kuma Bebeji da Kura. A nemi wasiƙun ajami da takardun bashi da ke cikin tsofaffin adudai kafin gara ta riga kowa. Kowace rasuwa a waɗannan unguwanni tana tafiya da abin da babu shi a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ko ma'adanar tarihi ta Kaduna.

Na uku, haɗa kai da sashen tarihi da na Larabci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da zai rubuta labarin Salaga yana bukatar wanda zai nuna masa taswirar hanya da wanda zai karanta masa rubutun da ke ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. Darasin ƙaga labari ya kamata ya ƙunshi koyon bincike, yadda marubuci zai san abin da ake ci a zango, da irin kuɗin da ake ƙirgawa, da yadda bara yake gai da ubangidansa a wancan zamani.

Na huɗu, gasa. Tarihin rubutun zube na Hausa ya nuna cewa kusan kowane sabon babi gasa ce ta buɗe shi, daga ta 1933 har zuwa Hikayata da sashen Hausa na BBC ya soma a 2016. Gasa ɗaya ta ƙagaggen labarin tarihi, wadda za a sa masana tarihi cikin alƙalanta, za ta iya yin abin da taron ƙara wa juna sani goma bai yi ba. Gidajen attajiran da arzikinsu ya samo tushe daga goro su ne suka fi dacewa da ɗaukar nauyinta.

Kammalawa

An ga cewa kuɗin Bahaushe da goronsa da shafin rigarsa, har ma da nazarin harshensa, duk suna da jiɓi da bakin ruwa, an kuma ga cewa labarin yana warwatse cikin harsunan waɗansu. Batun bai tsaya ga jiya ba. Har yanzu matasa suna bin hanyar Agadas zuwa Libiya suna neman ƙetare Bahar Rum, waɗansu kuma suna cika motoci zuwa Ikko da Fatakwal, mafi yawansu ba su san cewa kakanninsu sun taka waɗannan hanyoyi ba, balle su san abin da suka tarar. Wanda bai ba da labarin gidansu ba, maƙwabci zai ba da shi yadda ya hango ta kan katanga. Kayan aiki sun samu, masu karatu suna nan, saura maɗinki. Allah ya sa a cikin masu karanta wannan mujalla a sami wanda zai ɗauki allurar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ajiye, amin.